Ga Sabon Zuwa Bakin Tafkin Jeniba: Ka Fita Ka Ga Gidajen Tarihi

Ɗan'uwa, sannu da zuwa Suwizalan. Na san abin da ke gabanka a watannin farko: takardar zama, inshorar lafiya, neman ɗaki a garin da haya ke cinye albashi. Amma akwai abin da nake roƙon duk wanda ya sauka a Jeniba ko Lozan ko garuruwan da ke tsakani, wato kada ya mayar da rayuwarsa ɗaki, wurin aiki, kanti, ɗaki. Na ga yadda wannan ke gajiyar da mutanenmu, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe tafkin kwana da kwanaki, ga iskar arewa da suke kira bise, mai sanyin da hunturun Jos bai kama ƙafarsa ba. Gidajen tarihi suna da ɗumi, da yawansu ba a biyan ko sisi, kuma a cikinsu za ka gane su wane ne mutanen da kake zaune a tsakaninsu.

Ka fara da na kusa. A tsohon garin Jeniba akwai Maison Tavel, gida mafi tsufa da ya rage a birnin, wanda aka sake ginawa bayan gobarar 1334. Ka hau can saman bene, za ka tarar da siffar Jeniba ta 1850 da aka ƙera da ƙarfe, gida-gida, lungu-lungu, kewaye da ganuwa. Duk wanda ya taso yana ganin badalar Kano ko ta Zazzau zai tsaya ya daɗe a nan. Daga ganuwar za ka fahimci dalilin bikin Escalade da ake yi kowace Disamba: a daren 11 ga wata, 1602, sojojin sarkin Savoy, masarautar da ke maƙwabtaka da Jeniba a wancan zamani, suka kafa tsani za su haura, mutanen gari suka kore su. Shi ya sa za ka ga kantuna cike da tukwanen cakulan a wannan lokaci, don tunawa da matar da aka ce ta juye wa maharan tukunyar miya mai zafi. Idan abokin aiki ya miƙo maka ɓallin tukunyar, ka karɓa, karramawa ce.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne gidan tarihin Red Cross, daura da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya. Jirgin titi mai lamba 15 zai sauke ka a dandalin Nations, inda katuwar kujerar nan mai karyayyiyar ƙafa take, mita 12, da aka kafa a 1997 don yaƙi da nakiyoyin da ake binnewa a ƙasa. Daga nan ka ɗan taka. A ciki akwai ɗakin da aka jera katunan fursunonin Yaƙin Duniya na Farko, miliyoyi, a cikin akwatuna bayan gilashi. Kowane kati sunan mutum ne, da yawansu iyalansu ne suka rubuto suna cigiya. Na tsaya a gabansu, sai zuciyata ta tafi Borno da Diffa, ga iyayen da har yau suke kai sunayen 'ya'yansu ga wannan ƙungiyar, wadda aka kafa a nan Jeniba a 1863. Ka ba wurin awa biyu. Ba wurin da ake shiga da gaggawa ba ne.

Ranar da ka samu hutu cikakke, ka nufi ɗaya ƙarshen tafkin. Jirgin ƙasa daga Jeniba zuwa Montreux kamar awa ɗaya ne, ka zauna ta hannun dama don ka ga ruwa da duwatsun Faransa a tsallake. Daga Montreux akwai bas mai lamba 201 zuwa fadar Chillon (ana furta ta Shiyon, idan za ka tambayi hanya), amma in ƙafarka lafiya ka bi bakin ruwa, minti arba'in da biyar ne cikin furanni. Fadar tana zaune a kan wani dutse a cikin tafkin, daidai inda tsauni ya matse hanyar da ke zuwa Italiya. Sarakunan Savoy sun san abin da suke yi: fatake ba su da wata hanya sai nan, dole su biya kuɗin fito. A ƙarƙashin fadar akwai kurkukun da aka fafe daga dutse, inda aka ɗaure François Bonivard, wani limamin Kirista na Jeniba mai adawa da sarkin Savoy, da sarƙa a jikin ginshiƙi; tun 1530 yake tsare a fadar, sai a 1536 mayaƙan Bern suka ci fadar suka sake shi. Kana tsaye a wurin kana jin ruwa na dukan bango daga waje. Ka sa takalmi mai riƙe ƙasa, matakalan duwatsu ne masu santsi, kuma ka riƙe rigar sanyi ko da bazara ce.

A Lozan, masu son wasanni su sauka unguwar Ouchy ta bakin tafki da jirgin cikin gari na M2 su ga gidan tarihin Olamfik. Yara suna jin daɗinsa ƙwarai.

Maganar kuɗi kuwa, ga yadda ake yi. Gidajen tarihin da ke hannun hukumar birnin Jeniba, irin su Maison Tavel da Ariana mai kayan tangaran, ba a biyan kuɗin ganin kayansu na dindindin, kuma Lahadin farko na kowane wata yawancin sauran nune-nunensu ma kyauta ne. Idan za ka daɗe a ƙasar, katin rabin kuɗi, demi-tarif, ya fi komai amfani, domin yana aiki a jirgin ƙasa da bas da jiragen ruwan tafkin. Akwai kuma katin shekara na gidajen tarihi da ke buɗe maka fiye da 500 a faɗin ƙasar. Litinin yawancinsu a rufe suke, ka duba kafin ka kashe kuɗin tikiti. Ka riƙe tsabar faran ɗaya ko biyu saboda akwatin ajiya, don ba a shiga da babbar jaka. Ka gaisa da bonjour a ƙofa, kuma ka sassauta murya. Mu mun saba hira da ƙarfi, su ba su saba ba.

Wani abu da nake so ka riƙe da kyau: iyakar Suwizalan da Faransa ta ratsa tsakiyar tafkin. Jirgin ruwan da zai kai ka ƙauyen Yvoire mai tsofaffin ƙofofi, ko Evian, ya fitar da kai daga ƙasar ke nan, ko da babu wanda ya tare ka. Mai takardar zama ta B ko C ya ɗauki fasfo da katinsa ya tafi. Amma wanda ke jiran amsar neman mafaka da takardar N, ko mai F ta zaman wucin gadi, kada ya hau sai ya tabbatar da izini, domin yawon yini ɗaya na iya ɓata masa shari'arsa. Ka karanta sunayen tashoshin jirgin kafin ka shiga.

Sai sallah. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kurkusa, don haka ka fita da alwala da 'yar sallaya mai naɗewa. Idan kana unguwar Majalisar Ɗinkin Duniya, babban masallacin Petit-Saconnex, wanda aka buɗe a 1978, bai yi nisa ba. Abinci a gidajen tarihi akwai tsada, kuma naman alade da giya kan shiga girki ba tare da an faɗa ba, har narkakken cukun nan nasu, fondue, da giya ake haɗa shi. Ka tambaya, ko ka ɗauro guzurinka daga gida ka ci a benci bakin ruwa. Ruwan famfunan titi na sha ne, sai dai inda aka rubuta eau non potable.