Yadda ake auna 'yan wasan besbol da ƙungiyoyinsu da alƙaluma

A MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 162 a kaka guda, kuma babu jifa ko bugun da ba a rubutawa. Alƙaluma sun yi yawa, aikinka shi ne zaɓen waɗanda ke nuna abin da ɗan wasa ya yi da hannunsa.

Da farko, tace sunaye. Gasar kanta ba ta sa mai bugu a jerin gwarazan kaka sai ya tsaya bugu aƙalla sau 502. Wanda ya haskaka na mako biyu, ajiye shi gefe.

Sai masu bugu. Lambar da aka fi sani ita ce matsakaicin bugu: ka raba bugun da ya kai mutum tasha lafiya (tashoshi huɗu ne ake zagayawa kafin a ci maki) da yawan damar da ya samu. Wanda ya kai .300 gwani ne, kuma tun da Ted Williams ya yi .406 a 1941 babu wanda ya sake kaiwa .400 a kaka cikakkiya. Amma kada ka tsaya nan, domin wannan lamba ba ta ƙirga tafiyar kyauta, wato lokacin da mai jifa ya kauce wa gurbi sau huɗu aka ba mai bugu tashar farko. A 2004 Barry Bonds ya samu irin wannan tafiya sau 232, don tsoronsa ake yi. Saboda haka ka ɗauki OBP, mai nuna sau nawa mutum ya kai tasha ta bugu, ta tafiyar kyauta, ko don ƙwallon mai jifa ta same shi, ka haɗa da SLG, mai auna nisan tashoshin da bugunsa ya kai shi. Jimillarsu ita ce OPS. Wanda ya haura .900 tauraro ne. Da dogaro kan OBP ne Billy Beane, babban manajan ƙungiyar Oakland, ya haɗa mata 'yan wasa masu araha suka ci wasa 103 a 2002.

Masu jifa kuwa, manta da yawan nasarorin da aka rubuta musu. Nasara tana buƙatar abokan wasa su ci maki, mai jifa ba shi da iko a kan hakan. Duba ERA: makin da aka ci ta laifinsa, a ninka sau 9 (yawan zagayen wasa guda), a raba da zagayen da ya jefa. Ƙarama ta fi kyau. A 2010 Félix Hernández na Seattle ya yi nasara 13 ya sha kashi 12, amma ERA ɗinsa 2.27 ce, aka ba shi kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa. Ni ina ganin masu zaɓe sun yi daidai.

Ka kuma tambayi filin da mutum yake wasa. Filin Coors da ke Denver yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, iska ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya nesa. Rage wa masu bugun can, ka sassauta wa masu jifarsu.

Ga ƙungiya, yi amfani da lissafin Bill James, masanin alƙaluman besbol. Ninka makin da ta ci da kansa, haka ma makin da aka ci ta, sannan ka raba na farko da jimillar biyun; ninka sakamakon da wasa 162 don samun nasarorin da suka dace da ita. A 2023 San Diego ta ci 752, aka ci ta 648. Lissafi ya ba ta nasara kusan 93, amma 82 ta samu, saboda yawan faɗuwa a wasannin da tazarar maki ɗaya ta raba. A jerinka, ɗaga irin wannan ƙungiya sama da inda teburi ya ajiye ta.

In kana son lamba guda da za ta haɗa bugu, gudu da tsaron fili, akwai WAR, mai ƙiyasta nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiya fiye da wanda za a ɗauko daga ƙaramar gasa. Shafukan alƙaluma na intanet, Baseball-Reference da FanGraphs, kowa da hanyar lissafinsa, don haka zaɓi ɗaya ka jera kowa da shi, kada ka gauraya.