Kurakuran da muke yi idan za mu kai doki tafiya mai nisa a mota

Shekarun baya mun ɗauki wani ingarma akawali, wato baƙin doki, daga Sakkwato zuwa Kano, saura kwana huɗu hawan sallah. Ya sauka da ƙafarsa, ya sha ruwa, har da haniniya, muka yi hamdala. Washegari da la'asar sai ya ƙi dusa, ya tsaya ya ware ƙafafun gaba, numfashi sama-sama, majina mai wari na zuba. Likitan dabbobi ya auna zafin jikinsa ya samu digiri 40, ya juyo ya ce da ni, "Malam, yaya kuka ɗaure kansa a mota?" Ni na ɗaure shi da hannuna, na ɗage igiyar ragama sama na tamke a jikin ƙarfe, wai don kada ya yi fitina.

Wannan kuskure ne da ke kashe dawaki a doguwar tafiya, kuma masu son dokin ne ke yin sa. Doki sai ya sunkuyar da kai ƙasa sannan majina da ƙurar da ya shaƙa ke samun hanyar fita. Idan kai ya wuni a ɗage, duk dattin nan huhu yake gangarawa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Sau da yawa ciwon ba ya nunawa a hanya, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa ake ɗora laifin a kan ruwan garin da aka je, ko a ce baki ne. Gyaran ba ya cin ko kwabo. A bar igiya da tsawon da zai iya sauke kai zuwa ƙasan ƙirjinsa, amma ba tsawon da ƙafa za ta tsallaka ta harɗe ba. Duk inda aka tsaya a sassauta, a ajiye masa harawa a ƙasa ya sunkuya ya ci, ya yi furjinsa. Harawar ma a yayyafa mata ruwa tun a gida, musamman da hunturu, don busasshiya ƙura ce zalla a cikin rufaffiyar mota.

Sai dusa da dawa. Mutum zai ga tafiya da nisa, tausayi ya sa ya cika wa doki ciki da hatsi da asuba. Doki ba ya amai. Hatsi mai yawa, ga jijjiga, ga ƙarancin ruwa, ciwon ciki ke nan, kuma dokin da ya kwanta yana birgima a cikin tirela ba shi da sauƙin ceto. A rage hatsi tun ana gobe tafiya, a bar shi da ciyawa da harawar da ya saba.

Ruwa kuwa, a ranar da ba zafi ma doki na shan abin da ya kai lita 30, balle a watan Afrilu da zafin Sakkwato ke haura 40. Daga nan zuwa Kano ya fi kilomita 500. Wasu sai an isa suke ba shi, wai kada ya jiƙa mota da fitsari. A tsaya duk bayan awa huɗu a miƙa masa bokiti, ko da kurɓa biyu zai yi. Da yake doki na ƙin baƙon ruwa, ni jarka huɗu nake cikawa daga gida, da bokitin da ya sani. In kana son sanin halin da yake ciki, ɗaga leɓensa ka taɓa dasashi: in ya bushe yana kama yatsa, ko ka ja fatar wuya ta daɗe ba ta koma ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Da a ce hanya lafiya lau take, da dare ne lokacin tafiya da doki. Amma kowa ya san halin da hanyar Talata Mafara zuwa Gusau da Tsafe take ciki, ba zan ce wa kowa ya bi ta da dare ba. Abin da ya rage shi ne a gama lodi a tashi da an idar da sallar asuba, a ci rabin hanya kafin rana ta take. In an tsaya cin abinci a nemi inuwa, don motar da ke tsaye a rana ta fi mai tafiya zafi nesa ba kusa ba. Kada a lulluɓe ta ruf da tamfol. Rumfa a sama, gefe a buɗe iska na ratsawa.

Mun ɗauka doki hutawa yake a mota. Aiki yake yi tun daga tashi har sauka, kowane birki da kowane rami da ƙafafunsa yake tarewa. Don haka dabaibayi a cikin mota zalunci ne, yana bukatar ware ƙafa ya tsaya da kyau. A cire sirdi da linzami. Daɓen ƙarfe in fitsari ya zuba santsi yake, a shimfiɗa roba ko rairayi mai ɗan danshi, a kuma duba katako da kan ƙusa kafin a shigar da shi. Direban da ya saba da ɗaukar siminti sai an zaunar da shi an yi masa bayani, kuma yaron barga ya kasance a kusa da dokin.

Ingarma biyu ba shinge a tsakani, ko ingarma kusa da goɗiya, wannan ba sai an faɗa ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne bulala a bakin mota, sannan a bi da allurar barci daga kemis don ya yi laushi. Dokin da aka yi wa allura ba ya iya riƙe kansa in mota ta sha kwana. In dole ne, likita ya yi. Wanda ya fi shi ne a fara koya masa hawa mako guda kafin tafiya, a jingina motar da tudu, a sa harawa a ciki, ya shiga ya fito ba tsawa.

Bayan an sauka kada a ɗora sirdi a ranar. A zagaya da shi a hannu, ya huta aƙalla kwana biyu, a riƙa auna zafin jikinsa safe da yamma har kwana uku. Lafiyayyen doki yana tsakanin 37.5 da 38.5; in ya haura, ko ya ƙi ci, ko kashinsa ya tsaya, a kira likita a ranar, kada a fara da maganin kashe zafi wanda zai ɓoye ciwon. Wanda ya dawo Sakkwato yana da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Akawalin nan ya tashi, amma sai da ya yi wata biyu a turke kafin ya sake ɗaukar sirdi.