Yadda ake kama algus a kwalbar filebo har magana ta tsaya a kotu

Ga sabon ma'aikacin duba abinci, filebo ƙaramin abu ne da ba ya ɗaukar ido. Ni kuwa a shekarun da na yi ina wannan aiki, ban ga inda ha'inci ya samu wurin ɓuya kamar 'yar kwalbar nan ba. Mai saye yana diga kaɗan ne a cikin abin da zai gasa, hancinsa ya ji ƙamshi, shi ke nan. Ba shi da hanyar sanin abin da aka zuba masa. Kai ne idonsa.

Fara da karanta takardar da ke jikin kwalbar, kalma bayan kalma, tun kafin ka cire murfi. Laifi biyu kake nema, kuma kada ka cakuɗa su. Na ɗaya algus: an rage abin kirki, ko an sa na banza a madadinsa, ko an zuba mai cutarwa. Na biyu ƙarya a rubutu. Dokar abinci da magunguna ta Amurka ta 1906, wadda masanin sinadarai Harvey Wiley ya yi ta fafutuka a kanta, haka ta raba su, kuma dokoki da yawa sun bi wannan sawu. Sayar da ƙamshin banila da aka haɗa a masana'anta ba laifi ba ne in an faɗi gaskiya. Tun 1874 masana a Jamus suka iya haɗa banilin, sinadarin da ke ba banila ƙamshi, kuma yawancin ƙamshin banila da duniya ke ci a yau daga nan yake. Laifin shi ne a rubuta "zalla" ko "na asali", a zana furen banila, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga ciki ba.

Sai ka san ma'aunin da dokarka ta gindaya, domin da shi za ka yi jayayya. A Amurka, ruwan banila na asali sai ya ƙunshi abin da aka tatso daga oza 13.35 na 'ya'yan banila a kowane galan, kusan giram 100 a lita ke nan, da alkohol aƙalla kashi 35 cikin ɗari. Tsohon ma'aunin filebon lemun tsami a can kuma shi ne man ɓawon lemo kashi 5 cikin ɗari. Inda dokar ƙasa ta yi shiru, ƙa'idar rubutun kayan abinci ta 1985 da ke cikin Codex, kundin ƙa'idojin abinci na duniya, za ta taimake ka. Maganar alkohol ma ka sa mata ido: akwai mutane da yawa da ke guje masa saboda addini ko lafiya, haƙƙinsu ne a faɗa musu.

Yanzu ga wurin da na fi so ka natsu, wato ɗaukar samfur. Na ga shari'u masu ƙarfi sun rushe a nan, ba a ɗakin gwaji ba. Ka saya da kuɗi kamar kowa, ka karɓi rasit, sannan ka bayyana ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. A gaban mai kayan za ka raba samfurin gida uku: ɗaya nasa, ɗaya na gwaji, ɗaya a ajiye don ranar da aka yi gardama. Wannan tsari ya tsufa, dokar Ingila ta 1875 ma ta tanade shi, kuma har yau ban ga wanda ya fi shi adalci ba. In kwalaben ƙanana ne, ɗauki uku masu lambar sarrafawa iri ɗaya. Ka rufe kowanne da hatimi, ka rubuta rana da wuri da lamba, ku sa hannu tare. Duk hannun da kwalbar ta ratsa daga nan har teburin mai gwaji, a rubuta shi. Lauyan wanda ake tuhuma ba zai tsaya musun kimiyya ba in zai iya tambayar wa ya riƙe kwalbar ranar Talata, a rasa amsa. Ka kiyaye ta daga rana da zafi, don man lemo yana saurin lalacewa.

Akwai ƙananan gwaje-gwaje da za su nuna maka inda za ka dosa. Zuba ruwa a kan filebon lemun tsami: na kirki zai yi fari-fari kamar an diga madara, saboda man ya rabu da alkohol. In ya tsaya garau, mai yiwuwa babu man sai ɗan sinadarin sitiral mai ƙamshin lemo da kala ruwan ɗorawa. Ruwan banila kuma, in ka ɗumama shi alkohol ya tashi, na asali kan bar wani ƙaro mai duhu a ƙasa, na jabu da aka rina da ƙonannen sukari ba ya barin komai. Amma waɗannan alamu ne kawai, kada ka kai su gaban alƙali.

Hujja tana ɗakin gwaji, kuma ka faɗa wa mai gwajin abin da kake zargi. Na'urar rarrabe sinadarai za ta nuna ko akwai etil-banilin, wanda ba ya fitowa daga tsiro. Za ta nuna kumarin, sinadarin ƙamshi na 'ya'yan itacen tonka, da Amurka ta hana zubawa a abinci tun 1954 bayan an ga yana taɓa hantar dabbobin gwaji. In mai algus ya ƙware, ya ƙara banilin na masana'anta a kan ɗan na asali, gwajin nau'o'in kabon ne ke tona shi, domin yadda tsiron banila ke tara kabon ya bambanta da na itace ko man fetur da ake haɗa na masana'anta da su. Ka matsa a duba ruwan da aka narkar da ƙamshin a ciki. A 1930, ruwan citta da aka gurɓata da wani sinadarin masana'anta ya shanye ƙafafun dubun-dubatar mutane a Amurka. Duk lokacin da wani ya ce min ai filebo ne kawai, wannan nake tunawa.

Ka kuma riƙa bin farashi. Madagaska ce ke noma mafi yawan banilar duniya, kuma bayan guguwar da ta afka mata a 2017 kilo ya kai wajen dala 600. A irin wannan lokaci algus ke yawaita, sai ka ƙara zagaye.

Sakamako na fitowa, tsare sauran kayan a rubuce, ka ba mai su damar yin bayani da gwada nasa kason. Kada ka tsaya kan mai kanti, sau da yawa shi ma cutarsa aka yi. Bi rasit da takardun shigo da kaya har ka isa ga wanda ya cika kwalbar ya manna takardar. Filebo mai cutarwa a lalata shi a gaban shaidu. Wanda rubutunsa ne kawai ƙarya, ana iya barin a sake masa takarda ta gaskiya a ƙarƙashin kulawarka. Bayan 'yan watanni ka koma ka sake sayen kwalba daga sabon kaya, ka duba ko ba sunan kawai aka canza ba.