Yadda na gyara gadar kara da ke ta rushewa a ajina

Na sa 'yan aji biyar na firamare su gina gada da karan dawa, irin wanda yara ke yin mota da shi. Sharaɗin shi ne ta haɗa tebura biyu masu tazarar santimita 30, ta kuma ɗauki gwangwanin madara cike da yashi. Da zarar an ɗora gwangwanin, sai gadar ta karkace ta zube. Yaran suka ce: "Malam, kara ba shi da ƙarfi, a ba mu katako."

Ba laifin kara ba ne. Duk siffofin da suka haɗa masu kusurwa huɗu ne, irin wannan kuwa tana gocewa ko da babu abin da ya karye a jikinta. Sai na ba kowa kara huɗu da ƙayar aduwa, na ce ya haɗa irin wannan siffar ya danna da yatsa. Ta goce. Na ce a gitta kara na biyar daga kusurwa zuwa kusurwa. Ta tsaya cak, domin ta koma alwatika biyu, wato siffofi masu kusurwa uku, ita kuwa siffar alwatika ba ta sauyawa sai gefe ɗaya ya karye ko mahaɗa ta kwance. Na nuna musu ƙarafan dogon ƙarfen sadarwar waya da muke hangowa ta taga, suka yi ta ƙirga alwatika.

Yanzu ba mai taɓa kara sai ya zana gadarsa a takarda. Yashin ma cokali-cokali muke zubawa, ana rubuta adadin da gada ta ɗauka kafin ta faɗi, sannan a sauya abu ɗaya tak a sake gwadawa.