Babi na Shida: Tanadin Ranar da Ƙarfi Zai Ragu

Darasi na 1: Ciniki daban, riba daban

Iyayena da 'yan'uwana ɗalibai, sannunku da ƙoƙari. Duk wanda ya kai wannan babi ya iya rubuta sunansa, ya kuma san lambobi. Yanzu za mu sa karatun ya yi mana aiki. Yawancinmu ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Manomin shinkafa a fadamar Argungu, da masunci a Yawuri, da mai albasa a Aliero, da mai tuyar ƙosai a Jega, babu wanda za a kira a ba shi fansho ranar da gwiwa ta ƙi tashi. 'Ya'ya suna taimakawa, Allah ya yi musu albarka, amma su ma suna da bakunan da suke ciyarwa. Shi ya sa tun da sauran ƙarfi ake kafa abin da zai riƙa kawo kuɗi ko da mutum yana zaune.

Ku sami sabon littafi mai layi, na wannan aiki kaɗai. Kada yara su yage shi, kada a naɗe ƙuli-ƙuli da shi. Ku buɗe shafin farko. Ku tuna boko daga hagu ake fara shi, ba kamar allo ba. Ku ja layi uku daga sama zuwa ƙasa. Idan babu abin ja, gefen kwali ya isa. Layi uku za su ba ku gida huɗu. A saman gidan farko ku rubuta RANA. A na biyu ku rubuta CINIKI. A na uku JARI. A na huɗu RIBA.

Kafin mu sa kuɗi a ciki, ku dubi waɗannan da kyau: 500, 5,000, 50,000. Na farko ɗari biyar ne, sifiri biyu. Na biyu dubu biyar, sifiri uku. Na uku dubu hamsin, sifiri huɗu. Ɗan waƙafin nan da kuke gani, daga dama ake ƙirga lamba uku a sa shi. Alamar ₦ kuwa tana nufin naira, a gaban lamba take zama.

To, ga wurin da nake so ku buɗe kunne. Duk kuɗin da ya shigo hannu daga saye da sayarwa, sunansa ciniki. Kuɗin da aka kashe kafin a sami cinikin nan, sunansa jari. Abin da ya rage bayan an cire jari daga ciniki, shi kaɗai ne riba. Jari ba na ci ba ne. Kamar irin shuka yake, wanda ya dafa shi da rani zai zauna da fartanya a hannu ranar da ruwa ya sauka.

Mu ɗauki misali. Kuɗaɗen da ke ƙasa na koyo ne kawai, kowa ya sa farashin kasuwarsa. Wata inna tana tuyar ƙosai. Ta sayi wake na ₦3,000, mai na ₦2,000, itace da kayan haɗi na ₦700, ta biya niƙa ₦300. Ku tara su: ₦6,000. Wannan ya shiga gidan JARI. Da hantsi ta ƙirga abin da ke cikin kwano, ta sami ₦8,000. Wannan ya shiga gidan CINIKI. Nawa ta samu? Idan na yi wannan tambaya a aji, baki yakan riga tunani, a ce dubu takwas. A'a. Ku cire ₦6,000 daga ₦8,000. Saura ₦2,000. Wannan ne nata. Dubu shidan nan na waken gobe ne.

Kada wanda ya faɗi dubu takwas ya ji kunya. Kusan kowa a nan yake tuntuɓe, kuma wanda ya gane sau ɗaya ba ya ƙara mantawa. Mu sake.

Wata kuma tana gumin shinkafa. Ta sayi buhun shanshera ₦30,000, itace ₦2,000, kuɗin casa a inji ₦2,500, ɗan dako ₦500. Ku lura, kuɗin dako ma jari ne. Mutane sukan rubuta babban abu su bar ƙanana, alhali ƙananan ne ke cinye riba ba a sani ba. Jimla ₦35,000. Ta auna ta sayar duka ₦41,000. A wane gida za a sa ₦41,000? CINIKI. A wane gida za a sa ₦35,000? JARI. A cire. Riba ₦6,000. Ba dubu arba'in da ɗaya ba. Dubu shida.

Mu ƙara ɗaya saboda maza. Ɗan kabu-kabu a Birnin Kebbi ya wuni yana aiki, ya dawo da ₦9,000 a aljihu. Ya sha mai na ₦4,000, ya ba mai babur ₦2,000, ya yi faci da gyaran birki ₦500. Jari ₦6,500. Riba ₦2,500. Idan ya je majalisa ya ce yau ya yi dubu tara, ya yaudari kansa, kuma zai yi kyauta irin ta mai dubu tara.

Ku rufe littafin, ku faɗa da baki sau uku: a cire jari, sannan a ga riba. Madalla. Haka nake so.

Darasi na 2: Rabon tsufa

Yanzu kun san ribarku. Daga cikinta za mu fitar da kashi ɗaya cikin goma, mu kira shi rabon tsufa. Lissafinsa ba wuya. Ku rubuta ribar, ku ɗora yatsa a kan sifirin ƙarshe na dama, ku karanta abin da ya rage. ₦2,000 ta koma ₦200. ₦6,000 ta koma ₦600. ₦2,500 ta koma ₦250.

Daga riba ake cirewa. Na ce daga riba, gida na huɗu. Ba daga ciniki ba. Mai ƙosai idan ta ɗora yatsa a kan ₦8,000 za ta cire ₦800, kwana kaɗan ta ga kuɗin wake ba ya cika, ta ce malami ya cuce ta, ta fasa asusun. Ku koma darasi na 1 idan wannan bai zauna ba. Babu laifi a koma.

A cire rabon nan da farko, tun kafin cefane. Wanda ya ce sai abin da ya rage da dare zai ajiye, ba zai ajiye komai ba, don ba a taɓa rasa abin saye. Kuma kada ku raina ₦200. A kwana 30 ta zama ₦6,000. A wata 12 ta zama ₦72,000.

A nan dole in yi muku faɗa. Ina ganin littattafai ranar aji, shafi fes babu ko ɗigo, mai shi ya ce ai yana riƙe da lissafin a ka. Wane kai? Kan da ba ya tuna nawa ya kashe ranar kasuwar da ta wuce? Akwai kuɗin anko, akwai na goro da katin waya, amma idan an zo rabon tsufa sai a ce babu. Wasu kuma da an yi suna a maƙwabta sai su zuba duk abin da suka tara don kada a ce ba su yi bajinta ba. Zumunci wajibi ne, ban hana ba. Ku yi shi daga kashi taran da suka rage. Ni ba don kaina nake wannan magana ba. Na ga dattawan da suka yi ƙarfi a zamaninsu suna jiran wanda zai miƙo musu kuɗin magani, kuma ba na so in ga ɗayanku a haka.

Darasi na 3: A mayar da kuɗi abin da ke haihuwa

Asusu da adashi na tarawa ne, ba wurin zaman kuɗi ba. Kun ga yadda kaya suka tashi bayan an cire tallafin man fetur a 2023, abin da dubu ɗaya ke saye ya ragu. Kun kuma tuna wahalar canjin takardun naira a farkon shekarar 2023 ɗin, lokacin da masu ajiya a ƙarƙashin katifa suka rasa inda za su sa kansu. Saboda haka da kuɗi sun taru, ko an kwashi adashi, a mayar da su dukiya.

Mafi sauƙi ita ce akuya ko tunkiya. Cikinsu wata biyar ne, kuma akuya takan haifi biyu. A sayi mace mai lafiya, a kai ta allurar rigakafi wurin malamin dabbobi. Idan za a ba wani kiwo a raba 'ya'ya, a rubuta: ranar da aka ba shi, launinta, yadda za a raba, da sunan shaidu biyu. Ko ɗan'uwa ne a rubuta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, don haka babu abin kunya a ciki. Yanzu da kuka iya rubutu, da hannunku za ku yi.

Akwai sayen shanshera ko gero da kaka a ajiye zuwa bazara. Yana yin riba, amma ba kullum ba, wata shekara farashi yakan faɗi. A ɗora buhu a kan katako, nesa da danshi da ɓera. Kuɗin ajiya da na maganin ƙwari su ma jari ne, a sa su a gida na uku. Wanda abin nasa ya yi ƙarfi ya duba ɗakin haya, ko shago, ko injin ban ruwa da zai riƙa ba manoman rani haya. Waɗannan su ne ke ciyar da tsoho yana kan tabarmarsa. Kada a zuba dukiya duka wuri ɗaya, kun san halin satar dabbobi da ambaliya. Idan awaki da tumaki sun kai 40 suka shekara, zakka ta hau, a tambayi malami.

Darasi na 4: Banki da fansho

Buɗe asusun banki yana buƙatar lambar NIN, wato ta katin ɗan ƙasa, ko ta BVN, wato lambar shaida ta banki, wani asusun kuma duka biyun. Wanda ke gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012. Hukumar NDIC ce ke lamunin ajiya idan banki ya rushe, kuma a 2024 ta ɗaga lamunin zuwa ₦5,000,000 ga mai ajiya a manyan bankuna. Lambobin sirri huɗu na katinku, kada ku faɗa wa kowa, ko mai POS.

A 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu, mutum yana zuba abin da ya iya. Akwai kuma Sukuk na gwamnatin tarayya, wato zuba jari marar kuɗin ruwa, da aka fara a 2017, ana gina hanyoyi da kuɗin, ana biyan mai shi haya sau biyu a shekara. Ku tambaya a banki, ku tafi da wanda ya fi ku karatu.

Darasi na 5: 'Yan damfara

Duk wanda ya ce ku kawo dubu goma ku karɓi ashirin a wata ɗaya, ku tashi ku ba shi wuri. Wata harkar zuba kuɗi mai suna MMM haka ta yi a 2016, mutane da yawa suka yi asara. Kada ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba.

Aikin gida

Mai kifi ya saro na ₦12,000, ya sayi itacen banda ₦1,500, ya biya mota ₦1,000, ya sayar ₦18,500. Ku fitar da jari, da riba, da rabon tsufa. Ku cika naku littafin na kwana bakwai, ku zo da shi aji.