Shawara kan koya wa yara sasanta rikici a gida da makaranta

Iyaye da malamai, idan yara biyu suka yi faɗa, kada ku yi gaggawar yanke hukunci, domin yaron da ke huci ba ya jin nasiha. Ku raba su tukuna har ransu ya kwanta, sannan ku zaunar da su wuri guda.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne kowanne ya faɗi nasa ba tare da an katse shi ba, ɗayan kuma ya maimaita abin da ya ji kafin ya kare kansa. A nan ne wanda ya fizge littafi yakan yi shiru, saboda ya gane cewa ɗan'uwansa bai gama aikinsa ba ne. Ku koya musu su ce "na ji haushi da ka ɗauki littafina" maimakon "kai ɓarawo ne."

Su za su kawo mafita, ku dai ku tabbatar ba ta tauye kowa ba, bayan kwana biyu kuma ku bincika ko an cika alkawari. Amma idan cin zali ne, babba ne zai tsawatar da kansa.