Babi na Shida: Yadda Mai Gida Zai Tashi Ɗan Haya Bisa Doka

Darasi na 1: Takarda biyu, sannan kotu

Gida naka ne, babu mai musun wannan. Amma a Najeriya, daga ranar da ka karɓi kuɗin mutum ka miƙa masa makulli, in ya ƙi fita kotu ce kaɗai za ta fitar da shi. Ita kuma kotu tana so ta ga takarda biyu a hannunka. Ku faɗa da ƙarfi: takarda biyu.

Ta farko ita ce notis na tashi. Ma'anarta: "Hayarka za ta ƙare rana kaza, ka bar mini gidana." Kowace jiha tana da dokarta, don haka mu ɗauki ta Abuja mu yi misali. In babu wa'adin da kuka rubuta a yarjejeniya, mai biya mako-mako ana ba shi notis na mako ɗaya, mai biya wata-wata na wata ɗaya, mai biya duk wata uku na wata uku, mai biyan shekara kuma na wata shida. In kun rubuta wani wa'adi kun sa hannu, shi za a bi.

Ga abin da za ka rubuta: kwanan wata a sama, cikakken sunan ɗan haya, adireshin gida da lambar ɗaki ko shago, irin hayar, ranar da zai fita, sai sunanka da sa hannunka. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, wani ya rubuta masa, a karanta masa da baki, ya dangwala. Babu abin kunya a nan. In lauya ko wakili ne zai rubuta a madadinka, ka ba shi izini a rubuce.

Misali: hayar shekara ta fara 1 ga Janairu, za ta ƙare 31 ga Disamba. Notis ya shiga hannunsa kafin watan Yuni ya fita. Ƙirga da yatsa: Yuli, Agusta, Satumba, Oktoba, Nuwamba, Disamba. Shida cif.

Darasi na 2: Takardar kwana bakwai

Nan ne ɗalibai suke tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali.

31 ga Disamba ta wuce, ɗan haya yana nan zaune. Kada ka nufi kotu. Akwai takarda ta biyu, wadda take cewa: "Bayan kwana bakwai zan kai maganar gidana kotu." Ba a bayar da ita sai wa'adin ta farko ya cika. Ba a haɗa su a ambulan ɗaya. Ta farko ta ƙare, sannan ta biyu.

Ƙirgen fa? Ranar da ka miƙa takardar ba ta cikin lissafi. Buɗe kalanda. Ka ba shi ran 2 ga Janairu: ɗora yatsa a kan 2, kada ka ce komai. Matsa zuwa 3, ka ce ɗaya. 4, biyu. 5, uku. 6, huɗu. 7, biyar. 8, shida. 9, bakwai. Daga 10 ga wata ƙofar kotu a buɗe take gare ka. Sake yi. Yatsa a kan 2, shiru. A kan 3 ake fara ƙirge. In ka ruɗe, kada ka damu, ƙara kwana biyu a kai. Ƙari ba ya ɓata takarda, ragi ne yake jawo gardama a gaban alƙali.

Wani zai ce, "Malam, ai mun rubuta shekara ɗaya tak, kuma ta cika." To, in hayar mai ƙayyadadden lokaci ce ta ƙare, ba a sabunta ba, kana iya tsallake ta farko. Ta biyu tana nan daram. Wata za ta ce, "Malam, ai na gaya masa da bakina a gaban mai unguwa." Madalla, Hajiya, sulhun mai unguwa abu ne mai kyau, sau da yawa ma a can magana take mutuwa. Amma in ba ta mutu ba, takardar kwana bakwai alƙali zai nema.

Kowace takarda a yi ta kwafi biyu. Ka miƙa masa hannu da hannu a gaban shaida, ya sa hannu da kwanan wata a naka kwafin. In ya ƙi karɓa, ko yana ɓuya, tambayi magatakardan kotu yadda dokar jiharku ta yarda a isar da ita. Kwafinka ka sa a leda tare da rasit ɗin haya.

Mu maimaita. Takarda nawa? Biyu. Yaushe ake ba da ta biyu? Bayan ta farko ta cika. Kwana nawa? Bakwai, ban da ranar miƙawa.

Darasi na 3: Abin da ba a yi

Yanzu zan yi magana da babbar murya, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Dattijo da furfurarsa ya sa kafinta ya kwaye kwanon ɗaki da damina, alhali da jariri a ciki! Wani ya garƙame ƙofa da kwaɗo, wani ya yanke wuta da ruwa, wani ya kwaso 'yan daba su watsar da kayan ɗakin matar mutum a titi. Haba jama'a! Wannan zalunci ne, kuma wanda aka yi wa yana iya maka ka a kotu ya nemi diyya, ko da kana bin sa bashin haya. A Legas, dokar haya ta 2011 ta sa wa mai fitar da ɗan haya da ƙarfi tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. Ku daina kuma kai maganar caji ofis. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Sauri ya haifi nawa.

Darasi na 4: A kotu

Tafi da yarjejeniya, rasit, kwafin takardun nan biyu da shaidarka. Za ka biya kuɗin shigar da ƙara, a aika wa ɗan haya sammaci. Kana iya neman bashin haya a ƙarar. In alƙali ya ba ka gaskiya, zai sa ranar fita. In ranar ta wuce, ma'aikatan kotu ne za su fitar da shi, ba kai ba.

Darasi na 5: Aikin gida

An miƙa takarda ta biyu ran 5 ga Maris. Rubuta ranar da za a iya zuwa kotu, ka kawo mako mai zuwa.